Ruwan da Bai Kai Hannun Kaka Ba

Sanyi ya fara sakin mutane ke nan, itatuwan unguwarmu a Bowie duk sun yi fure, wasu fari wasu ruwan hoda. Wani garin fure mai rawaya yana sauka a kan motoci, kowa ka gani yana atishawa yana murza ido. Shekarar da aka fito daga kullen korona ce, jikin mutane bai gama yarda ba. In ka haɗu da mutum a coci sai ka rasa ko ka miƙa masa hannu ko ka ɗaga masa daga nesa. Kujeru da yawa babu masu su, kuma ba kowace kujera ake tambayar ina mai ita ba.

Ni jegon 'yata ta fari, mai aikin nas, ya kawo ni ƙasar Turawan nan ta ƙetaren teku. Na zo da niyyar 'yan watanni, sai jika ya bi jika har na zama 'yar gari. Karatuna ba mai nisa ba ne. Sai da na haihu na shiga ajin yaƙi da jahilci a cocin ƙauyenmu, can kudancin Kaduna, ina goyo ina koyon baƙi. Shi ya sa in zan rubuta abu a hankali nake bi, kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa.

Cocinmu a Lanham yake, tsohon gini ne na jan bulo. Mu 'yan Kaduna da Filato muka karɓi hayarsa, muka tarar da wasu mutanen Tailan suna sujada a ɗakin ƙasa, kusa da kicin. Sun riga mu zuwa da daɗewa, amma tunda ginin ya dawo hannunmu, zamansu ya koma da yardar dattawan ikkilisiyarmu. Mu da safe a sama, su da rana a ƙasa. Ba su da yawa, galibi tsofaffi ne, ga korona ta rage su. Ni dai abin da na sani game da ƙasarsu shinkafa ce, wadda ake sayarwa a buhu a kasuwar gida. Ban taɓa zaton akwai Kirista ko ɗaya a can ba. Ran da jikana ya ga takalma jere a ƙofar ɗakinsu, tambayata ya yi da Turanci ko masallaci ne.

A kicin na san Kaka. Haka nake kiranta, don su ma da yarensu kaka suke ce mata. Tsohuwa ce 'yar firit, gashinta fari tas, in za ta gaishe ka sai ta haɗa tafukan hannu a ƙirji ta ɗan sunkuya. Ina wanke tukwanen zumuntar mata, ita tana ɗora shinkafar mutanenta. Turancina gurgu, nata ma gurgu, sai guragun biyu suka riƙe juna suka yi tafiya.

Ran farko ta ɗanɗana yajina, ta taɓe baki.

"Ƙanwata," ta ce, "wannan barkonon naki jariri ne."

"Jariri? Wannan da yake sa surukina hawaye?"

Ta ciro wani ɗan mitsitsin barkono kore daga jakarta ta miƙo mini. Na ciza don kada in ba da mata. Ranar na sha ruwa kamar raƙumi, ita kuwa tana dafe da firji tana dariya har da tari.

A hankali, Lahadi bayan Lahadi, ta riƙa ba ni labarin cocinsu gutsure-gutsure. Ta ce ita daga arewacin ƙasarsu take, wurin duwatsu, kamar mu. Turawan mishan ta kogi suka hau, cikin jirgin ruwa da ake turawa da gora, tun kafin a haifi kakanta. Sun zo da maganin zazzaɓi da lambar rigakafin agana da injin buga littafi. Sun daɗe suna wa'azi, mutane suna karɓar magani su yi godiya su koma ɗakin ibadarsu na gado. Da wasu 'yan kaɗan suka ba da gaskiya, sai mai mulkin ƙasar ya fusata, har aka kashe wasu daga cikin na farkon. Ta ce waɗanda suka cika coci daga baya, yawancinsu waɗanda duniya ta ƙi ne: wanda aka ce maye ne aka kore shi daga ƙauye, da kuturu, da marar kowa.

Na ce mata, "Kaka, ai labarin garinmu kike ba ni." Mu ma da ɗakin magani aka fara, da allo da alli. Mu ma akwai zangon kutare a bayan gari, inda wata Baturiya take wanke miki da hannunta.

Ta ce lokacin babban yaƙin duniya, tana ƙarama ƙwarai, Turawan duk sun gudu, aka rufe coci, aka matsa wa Kirista su koma addinin gado. Wasu suka koma. Uwarta ta binne littafin waƙoƙi a cikin rumbun shinkafa, suna raira waƙa ƙasa-ƙasa kamar masu gulma. Bayan yaƙi Turawa suka dawo suka tarar cocin bai mutu ba, kuma 'yan ƙasa ne ke riƙe da shi.

Haka muke har wannan Lahadin ta tsakiyar Afrilu.

Mun tsaya bayan sujada muna koyon waƙar zumunta. Uwar Zumunta, shugabarmu ta mata, nas ce ita ma, mace mai ƙoƙari da kaifin baki, ta ce in raka ta ƙasa mu ɗauko babbar tukunya. Muna fitowa daga kicin da tukunyar muka ji ƙamshi, muka ga ƙofar ɗakinsu a buɗe.

An jera tsofaffi a kan kujeru, kowa da tawul a cinya da daro a gabansa. Matasa sun durƙusa a layi. Ga wani kwanon azurfa cike da ruwa, furanni suna yawo a kai. Kowane matashi zai ɗebo da ɗan moɗa, ya sunkuyar da kai, ya zuba a hannun tsoho. Tsohon kuma ya ɗora jiƙaƙƙen hannun a kafaɗarsa yana motsa baki. Kaka ce ta ƙarshe a layin. Ta sa riga mai kyau wadda ban taɓa gani ba, ta riga ta miƙa hannuwanta biyu a kan daro tana jira.

Murfin tukunya ya suɓuce daga hannun Uwar Zumunta.

"Jinin Yesu!" ta ce. "Mama, kina ganin abin da nake gani? A gidan Allah?"

Kafin in buɗe baki ta shige ɗakin da takalmanta, tana faɗa da Turanci a tsaya, a tsaya. Fastonsu, wani dattijo mai sanyin murya, ya taso yana murmushi yana son yin bayani. Daga baya na gane cewa su in kunya ta kama su ko ransu ya ɓaci, murmushi suke yi. Ita kuwa ta ɗauka raini ne.

"Dariya ma yake mini! Mama, dubi, dariya yake yi!"

Ta ce wannan magana sai gaban dattawa, kuma in dai tana numfashi ba za a yi tsafi a ƙarƙashin inda muke cin jibin Ubangiji ba. Matasan suka tashi shiru, suka kwashe daro da tawul. Na dubi Kaka, na ga ta janye hannuwanta a hankali ta ɗora a cinya. A bushe suke.

Kafin mu hau sama labari ya riga mu. Fastonmu, Baba Fasto, ya ce dattawa za su zauna Lahadi mai zuwa bayan sujada, su yanke ko mutanen Tailan za su ci gaba da zama a ɗakin ko su nemi wani wuri. Kafin nan su dakata da zuwa. To, wani wuri a ina? Tsofaffin da 'ya'yansu ke kawowa a mota, wasu da sanda, wasu da keken guragu. In aka tashe su daga nan, watsewa za su yi, kowa ya san haka.

Da 'yata ta zo ɗaukata na ce ta biyo ni kicin. Kaka tana can ita kaɗai tana goge kwanon azurfa. Na ce wa 'yata, "Yau gurgun Turancina ba zai kai ni ba. Tambayar mini ita, ruwan nan na mene ne."

"Mama, ki bari mana, kada mu ƙara mata."

"Tambaye ta dai."

Kaka ta ajiye kwanon. Ta ce wannan makon ne sabuwar shekararsu. A ƙasarsu lokacin tsananin zafi ne, kuma a ranar yara kan je wurin iyaye da tsofaffi su zuba musu ruwa a hannu, su roƙi gafarar duk abin da suka yi musu a shekara, tsofaffin su sa musu albarka. Amma da yake a ranar masu addinin gado suna zuba wa siffofin ɗakin ibadarsu ruwa su ma, Turawan mishan na farko suka ce Kirista ba ruwansa da ruwan nan, dukansa.

Sai ta ce, "Babana kuturu ne."

Ta ce danginsa sun kai shi bakin daji sun yi masa bukka. Daga can ya ji labarin wani tsibiri a tsakiyar kogi inda likitan mishan yake karɓar irinsu. Can ciwon ya tsaya, can aka yi masa baftisma, can ya auri uwarta. Amma yatsun sun riga sun tafi, hannuwansa dungu ne. Kowace sabuwar shekara tana leƙen maƙwabta ta shinge, tana ganin yara suna zuba wa iyayensu ruwa. Ubanta yakan zauna a bakin ƙofa ya ɓoye hannuwa a cikin riga. Bai taɓa cewa komai ba, don mutanen da suka hana ruwan su ne mutanen da suka tsince shi.

"Ba miyagu ba ne," in ji ta. "Tsoro suka ji mana. Ba su san inda ruwan yake tsayawa ba."

Sai da ta zama budurwa, lokacin da fastoci 'yan ƙasa suka yi ta zama a kan maganar, aka ce girmama uwa da uba ai doka ce ta Allah, a zuba wa iyaye ruwa, a yi addu'a da sunan Yesu, siffofi ne kawai babu. A shekarar ta ɗebo ruwa ta durƙusa a gaban ubanta. Ta ce ya daɗe kafin ya fito da hannuwan daga riga. Ban da likita, ba wanda ya taɓa neman ya ga hannuwan nan.

'Yata ta tsaya da fassara, ta juya tana neman abin share hanci.

Na ce a tambaye ta wa ke zuba mata yanzu. Ta ce mijinta ya rasu, ɗanta yana wata jiha mai nisa, sai waya. Yaran coci ne 'ya'yanta a ranar. Shekarun kulle ba a yi ba. Bana ne aka ce za a yi. Ta yi murmushin nan nasu, ta ɗauki jakarta.

Makon nan ban ji daɗin abinci ba. Ni ba mai magana a taro ba ce. A gida ma in ana gardama, nakan jira kowa ya gaji. Na yi ta juya abin a raina ina shara, ina yi wa jikoki wanka. Wani lokaci in ce ina ruwana, masu digiri suna nan. Wani lokaci in tuna hannuwan nan biyu a kan daro.

Ran Lahadi dattawa suka zauna a ofishin Baba Fasto, aka kira mu biyu da muka gani da ido. Uwar Zumunta ta fara. Na zaci faɗa za ta yi, sai na ji muryarta ta sauka. Ta ce ubanta shi ne mai riƙe da tsafin gidansu. Tana yarinya ita take ɗauko masa ƙwaryar ruwa da burkutu, ya zuba a kan dutse a gindin itace yana kiran sunayen matattu. Ran da uwarta ta ƙi ɗauka don ta fara zuwa coci, dukan da aka yi wa uwar ya sa har ƙarshen rayuwarta ba ta ƙara ji da kunne ɗaya ba.

"Baba, da jini muka fito daga abin nan," ta ce. "Ban ƙetare teku don in same shi a ƙarƙashin ƙafata ba."

Allah sarki. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Shekara da shekaru muna waƙa tare, ban san wannan ba.

Baba Fasto ya juyo gare ni. "Mama, ke me kika gani?"

Na ce abin da ta gani shi na gani, ruwa da fure da mutane a durƙushe. Sai dai na je na tambaya. Na ba su labarin kuturun da hannuwansa a cikin riga, yadda aka ba ni, ban ƙara gishiri ba. Muryata ta yi ƙasa, har wani dattijo ya ce in ɗaga, ba sa ji daga baya.

Baba Fasto ya ce, "Wa suke zuba wa, matattu ko masu rai?"

"Masu rai, Baba. Masu rai da tawul a cinya."

Wani ya yi dariya. Dattijon da ya fi kowa shekaru a cikinmu, mutumin Filato, ya gyara zama ya ce a zamanin ubansa Turawan mishan sun hana ganga a coci, sun ce ta dodo ce. Ubansa da hannunsa ya fasa tasa. "Yau kuwa," ya ce, "in zumuntar mata suka ɗauki tulu da caki, har Turawan unguwa suna leƙowa ta taga. Wa ke gaba? Ga ta nan zaune."

"Baba, ganga daban, ruwa daban," in ji Uwar Zumunta.

"Ubangijinmu ma ai ruwa ya zuba a daro ya wanke ƙafafun mutanensa," in ji dattijon.

"Da fure a ciki, Baba? Nuna mini inda aka ce da fure."

Aka yi dariya, ita ma bakinta ya ɗan motsa. Amma ba ta sauka ba. Ta ce ta ji labarin kuturun, kuma ita a asibitin mishan ta koyi aiki, ta wanke irin hannuwan nan, ta san abin da ake nufi. Ba ta ce a kore su ba kuma. Sai dai zuciyarta ba za ta ɗauki a yi abin a cikin ginin ba, kuma ba ita kaɗai ba ce, akwai mata da yawa masu irin tabonta.

Aka daɗe ana juyawa. Daga ƙarshe dattawa suka yanke cewa mutanen Tailan su dawo ɗakinsu, ba mai tashinsu. Ruwan sabuwar shekara kuwa, in shekara ta zagayo, a yi shi a waje, a gindin itacen da ke bayan coci, mu za mu fitar musu da kujeru. Baba Fasto ya ce zai kira fastonsu ya ba shi haƙuri. Uwar Zumunta ta ce ita za ta dafa shinkafa ranar, a gani ko tasu ta fi, amma kada kowa ya kira ta kallo.

Ban san ko hukuncin ya yi daidai duka ba. Har yau ina tunaninsa. Na dai yi murna ɗakin ya tsira. Amma a mota muna komawa gida, maganar "in shekara ta zagayo" ta tsaya mini a wuya. Na ga yadda Kaka take hawa matakala, tana hutawa a tsakiya. Na ga kujerun da korona ta bari. Wa ya yi wa tsohuwa alkawarin baɗi?

Na ce wa 'yata, "Gobe kina aiki?"

"Ina hutu, Mama. Lafiya?"

"Za ki kai ni Gaithersburg, wurin Kaka."

Washegari da safe na fita ƙofar gida da zanen barci, na tsinko furanni daga itacen da ke gabanmu, maƙwabcinmu yana kallona yana riƙe da igiyar karensa. Na dafa ruwa na surka, na zuba a fulas, don hannun tsofaffi ba ya son sanyi. Ba ni da kwanon azurfa. Na ɗauko ƙwaryata da ludayin da na zo da su daga gida, waɗanda jikoki suke cewa kayan ado ne.

Kaka tana zaune a gidan tsofaffi, hawa na sama, sai da muka shiga lif. Ta buɗe ƙofa ta haɗa hannu a ƙirji. Na cire takalmi. Na sa 'yata ta gaya mata ɗakinsu yana nan, ran Lahadi ta zo ta ɗora shinkafarta. Ta ce fasto ya riga ya kira ta. Sai idonta ya sauka a kan ƙwaryar.

Na zaunar da ita, na shimfiɗa mata tawul a cinya, 'yata ta samo roba a kicin ta ajiye a ƙasa. Da zan durƙusa gwiwoyina suka yi ƙara, duka biyun.

"Ƙanwata," ta ce, "ke ma ai zuba miki ya kamata a yi. Wa zai tashe ki?"

"Ga nas nan, aikinta ne."

Ta ce ba haka ake farawa ba, sai an roƙi gafara tukuna. Ban nemi fassara ba. Na ce mata da Hausa, "Kaka, ki yafe mana." Ta miƙo hannuwan. Na ɗebo da ludayi na zuba a hankali, furen ya maƙale a tsakanin yatsunta, ruwan yana sauka a roba. Ta ɗora jiƙaƙƙen hannu a kafaɗata ta yi addu'a da yarensu, mai tsawo. Sunan Yesu kawai na gane a ciki, na ce amin. Ta yafito 'yata ita ma, ta durƙusa ta zuba.

Da muka gama ta shinshina hannunta ta ce ruwan ba ƙamshi, furen ƙasar nan kyau kawai gare shi. Na ce baɗi sai ta koya mini abin da ake sawa. 'Yata ta kama ni na miƙe, na kwashe ruwan robar na zuba wa shukar barkonon da ke bakin tagarta, sannan na zauna, don ta riga ta ɗora tukunya.